Ina Mai Hawan Jini Yake Shiga Ranar Komawa Asibiti?

Laccar da aka gabatar a taron Hausawa mazauna Faransa, a birnin Lyon



 Ina gode wa 'yan'uwa na Lyon da suka shirya wannan taro suka kuma tarbe mu da fuska a sake. Ina gaida waɗanda suka yi sammako daga Paris, suka sha zaman awa biyu a jirgin ƙasa don a yi da su, da waɗanda suka baro Vénissieux da Vaulx-en-Velin da Villeurbanne a ranar hutunsu guda ɗaya tak. Na ga 'yan Maraɗi, na ga Damagarawa, na ji bakin Kano da na Sakkwato, an ce mini har 'yan zangon Kumasi suna cikinmu. Allah ya bar zumunci.

Tambaya ɗaya na zo da ita. Mutum ne aka auna, aka ce masa yana da hawan jini, aka rubuta masa magani, aka sa masa ranar dawowa. Ranar ta zo, an leƙa ɗakin jira an kira sunansa, shiru. Ina ya shiga? Me ya riƙe shi? Ni likita ne a unguwannin arewacin Paris, kuma wannan shirun na saba jin sa. Abin da ya fi damuna shi ne inda nake sake haɗuwa da mai sunan: sau da yawa a takardar da asibiti ya aiko, wadda ke cewa an kwantar da shi da shanyewar ɓarin jiki, ko ƙodarsa ta gaza.

Bari in fara da girman abin. Hukumar Santé publique France ta ƙiyasta cewa manya kusan miliyan 17 ne ke da hawan jini a ƙasar nan, wato kusan mutum ɗaya cikin uku. Binciken da ta gudanar tsakanin 2014 da 2016, mai suna Esteban, ya nuna kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma cikin masu shan magani wajen rabi ne kawai jininsu ya sauka inda ake so. A ƙasar da ke da kantin magani kusan kowane layi ke nan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce masu ciwon a duniya sun kai biliyan 1.3, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Mu kuwa baƙar fata, ciwon yakan kama mu da wuri, yakan fi tsanani, gishiri ya fi yi mana illa, kuma ya fi saurin taɓa mana ƙoda da ƙwaƙwalwa.

To mene ne amfanin komawar? Don na san akwai mai cewa a ransa: "Ai magani aka rubuta, ina sha, me zan je in yi?" Ƙa'idar da hukumar HAS da ƙungiyar likitocin hawan jini ta Faransa suka fitar a 2016 ta ce a riƙa ganin majinyaci kowane wata a cikin wata shida na farko, har awonsa ya sauko ƙasa da 14/9. ('Yan Najeriya, 140/90 ɗinku ke nan, a nan ana yar da sifirin.) Bayan ya sauka, sai a koma ganinsa duk wata uku zuwa shida. Dalili kuwa, ƙwayar farko gwaji ce. Mafi yawan masu ciwon nan sai an haɗa musu iri biyu, wasu uku, kafin a dace. Kuma a wannan komawar ne ake duba jini a ga lafiyar ƙoda da yawan sinadarin fotasiyam, a duba fitsari, a ga ko suga ya shigo. Wanda ya karɓi takardar farko ya ɓace, rabin magani ya karɓa. Wannan ita ce maganata ta yau, sauran duk bayaninta ne. Ga dalilan da ke hana mutum komawa.

Na ɗaya: "Likita, ai na warke."

Mu da muka tashi da zazzaɓin cizon sauro, mun san ciwo da zafinsa. Jiki ya yi rau, a sha magani kwana uku, zufa ta karyo, a miƙe. Haka muka koyi ciwo, haka muka koyi warkewa. Hawan jini bai bi wannan hanya ba. Aikinsa irin na gara ne a cikin azara: ka duba daga waje lafiya lau, ciki kuwa ya zama gari, sai ranar da rufi ya rufto. Shekara da shekaru jini na bugun jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce kima, bangonsu na kauri yana taurara, zuciya na ƙara girma don wahala, ƙananan matatun ƙoda na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mai jikin kuma yana cin tuwonsa yana zuwa aiki. Kisan mummuƙe ke nan.

Sau nawa na ji an ce, "Ni in ya hau ina ji, ƙeyata ce ke sarawa"? Iyayena, da girmamawa nake faɗa, ba a jin sa. Na auna mutum yana dariya yana ba ni labarin bikin 'yarsa, na'ura ta nuna 19/11. Na auna mai kukan ciwon kai na samu 12/7. Wanda ya mai da ciwon kai ma'auninsa zai riƙa shan magani ranar da kai ya sara, ya ajiye ranar da ya lafa, kuma ba zai ga dalilin zuwa wurin likita ranar da yake jin garau ba.

Akwai kuma abin da muka gada na cewa tunani ne ke kawo shi. Da ƙamshin gaskiya a ciki, domin damuwa da rashin barci suna ɗaga awo. Amma ga inda fahimtar take kai mutum: ya ce lokacin da aka gano ciwon ba shi da takardu, yanzu takardu sun fito, hankali ya kwanta, don haka ciwo ya tafi. Ko ya sayi na'ura ya auna sau ɗaya ya ga 13/8, ya ce alhamdulillahi an rabu. Wa ya sauko da shi 13/8 ɗin? Ƙwayar da yake sha ce. Ya ajiye ta, cikin 'yan makonni awon zai koma inda ya fito.

Zoɓo da tafarnuwa da zogale fa? Ba na raina su. Zoɓo marar sukari an gwada shi, yana ɗan rage awo. Sai dai ɗan ragin ba ya kai mai 17 zuwa 13, kuma zoɓo ba ya duba maka ƙoda. Ka sha zoɓonka, ka zo randebunka, wato ranar ganin likitanka, ka faɗa mini kana sha.

Na biyu: maganin ya dame shi, kunya ta hana shi faɗa.

A nan zan daɗe, don a nan muke asarar mutane da yawa, musamman maza.

Kowane maganin hawan jini da halinsa. Amlodipine yakan kumbura ƙafa, mace ta ga takalminta ya ƙi shiga ta tsorata. Ramipril da perindopril da danginsu sukan kawo busasshen tari mai hana barci, kuma sun fi yi wa baƙar fata haka. Masu sa fitsari, irin su indapamide da hydrochlorothiazide, ku tambayi mai gadin kanti da ke tsaye awa goma a bakin ƙofa, ko direban da ke cikin cunkoson titin Périphérique, ko dattijon da ke son alwalarsa ta Azahar ta kai shi La'asar. Sannan ga babbar maganar da ba a faɗa a fili: namiji ya fara magani ya ga ƙarfinsa na iyali ya ragu. Zai zauna gaban likita mace, sa'ar 'yarsa, ya faɗi wannan da Faransancin da bai ishe shi ba? Ba zai faɗa ba. Zai ajiye ƙwayar. Da ya ajiye kuma sai kunya ta biyu ta shigo: yaya zai koma wurin wadda ya yi wa alkawarin sha? Sai ya bar ranar ta wuce.

Kada ku zaci mu kaɗai ne. A asibitin Georges-Pompidou na Paris, inda ake tura masu hawan jinin da ya ƙi jin magani, Farfesa Michel Azizi da abokan aikinsa sun buga wani bincike a 2016. Sun nemi alamar ƙwayoyin a cikin jini da fitsarin majinyata, suka tarar wajen rabinsu ba sa shan maganin duka ko ba sa shan wani ɓangarensa. Mutanen da ke zuwa asibiti ke nan, ina ga waɗanda suka daina zuwa?

Abin takaicin shi ne duk waɗannan matsaloli suna da mafita, kuma mafitar tana cikin ɗakin da mutumin ya guje wa. Iri-irin maganin nan suna da yawa. Mai tari a sauya masa, tari ya tafi. Mai kumburi a rage masa ko a haɗa masa da wani. Raunin mazakuta kuwa, sau da yawa hawan jinin ne da kansa, ko suga, ko taba, suka lalata jijiyoyin wurin, don haka ajiye magani ƙara shi yake yi; in kuma ƙwayar ce, akwai wadda ba ta yin haka. Har ma an yi binciken da ya shafe mu kai tsaye. A 2019 wani likitan zuciya na Jami'ar Abuja, Dike Ojji, ya jagoranci gwajin da ake kira CREOLE a ƙasashen Afirka shida, aka ga haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauko da awon baƙar fata. To in haɗin farko da aka ba ka bai dace da jikinka ba, ta yaya likita zai sani in ba ka dawo ba?

Gargaɗi biyu kafin in wuce. Wanda ke shan ramipril ko danginsa ya ga leɓe ko harshe ya kumbura, kada ya jira randebu, ya kira lambar gaggawa ta 15 nan take. Mata kuma, wannan dangin magani ba a shan sa da juna biyu. Mai niyyar ɗaukar ciki ta faɗa tun da wuri a sauya mata. Wadda jininta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki, ko da ya sauka bayan haihuwa, ta ci gaba da zuwa awo. Na lura da zarar an yi suna, duk randebun gidan na jariri ne, uwa ta manta da kanta.

Na uku: aiki.

Wannan ba sai na yi dogon bayani ba, kun fi ni sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ke sharar ofisoshi a La Défense ko Part-Dieu tun ƙarfe shida na safe, ta koma gida ta kai yara makaranta, ta sake fita da yamma. Mai dakon kaya a kasuwar Rungis da ke kwana a tsaye ya wuni yana barci. Mai aikin wucin gadi da ake kira da daddare a ce gobe ka zo, wanda ya san in ya ce yana da uzuri ba za a sake kiransa ba. A mafi yawan wuraren aiki ba a biyan awannin da ka tafi ganin likita. An sa maka ƙarfe goma da rabi na safiyar Talata, wata uku da suka wuce, lokacin da ba ka san jadawalin aikinka ba. A gefe guda kuɗin wuni, da haya, da 'yan'uwa a gida masu jiran aike. A ɗaya gefen ciwon da ba ya zafi. Wa zai yi mamakin abin da mutum ya zaɓa? Ni ba na kiran wannan taurin kai.

Na huɗu: kuɗi da takardu.

Ana cewa magani kyauta ne a Faransa. Ba haka abin yake kai tsaye ba. Har zuwa 2011, hawan jini mai tsanani yana cikin jerin cututtukan da ake kira ALD, waɗanda inshorar gwamnati ke ɗaukar nauyinsu ɗari bisa ɗari. A watan Yunin 2011 aka cire shi, bisa hujjar cewa shi ba cuta ba ne, mai jawo cuta ne. Likitocin zuciya da ƙungiyoyin majinyata sun yi ta kuka a lokacin, kuma ina tare da su har yau: an ce sai ciwon ya kai ka ga shanyewar jiki ko wankin ƙoda sannan a ɗauke maka duka.

Ga lissafin yau. Tun Disamban 2024 ganin likitan unguwa Yuro 30 ne. Inshora na mayar da kashi 70 cikin 100, ta cire Yuro 2, sai Yuro 19 su dawo maka. Ragowar sai in kana da inshorar ƙari, wato mutuwel. Kowane kwalin magani ana cire Yuro 1. In ba ka da likitanka na kanka da ka yi rajista da shi, kashi 30 kawai ake mayarwa. Likitocin zuciya da yawa a cikin Paris kuma suna ɗora nasu a kan farashin gwamnati.

Akwai kariya, sai dai mutanenmu da dama ba su karɓe ta ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana da haƙƙin inshorar ƙari ta C2S, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2019, kuma mai ita ba ya fitar da kuɗi a gaban likita, ba a kuma yi masa ƙari. Wanda ba shi da takardun zama, in ya wuce wata uku a ƙasar kuma samunsa kaɗan ne, yana da haƙƙin tallafin lafiya na AME. Amma binciken cibiyar Irdes na 2019 ya gano kashi 51 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka cancanci AME suke da ita. Kuma duka biyun shekara guda suke yi a sabunta. A tsakanin ƙarewar tsohuwa da fitowar sabuwa mutane ke faɗawa rami: kati ya mutu, randebu ya zo, mutum ya ji nauyin a mayar da shi a gaban jama'a, ya zauna gida.

Ku riƙe wannan ku kai wa wanda bai zo ba. Tun dokar 1998 manyan asibitocin gwamnati suna da sashen da ake kira PASS, don wanda ba shi da kati ko katinsa ya mutu: a duba shi, a ba shi magani, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta taya shi cika takardu. Akwai shi a Saint-Antoine da Lariboisière a Paris, da Avicenne a Bobigny, da Édouard-Herriot a nan Lyon. Ƙungiyar Comede tana karɓar baƙi a asibitin Bicêtre, Médecins du Monde kuma tana da wurin karɓa a Saint-Denis da nan Lyon. Mai tsoron kada asibiti ya kai sunansa ga hukuma, ya kwantar da hankalinsa: sirrin majinyaci doka ce a kanmu, likitan da ya karya ta kotu zai je.

Na biyar: ƙofar likitan ma ta yi ƙunci.

Mutum wajen miliyan 6 ne a Faransa ba su da likitan kansu. Kada ku ɗauka matsalar ƙauye ce. Yankin Seine-Saint-Denis, inda da yawanmu ke zaune, yana cikin mafi ƙarancin likitoci a ƙasar. Tsohon likitan unguwa da ya san ka shekara ashirin ya yi ritaya, ba wanda ya gaje shi, duk inda ka buga a ce ba a ɗaukar sababbi. In kuwa AME ce da kai, binciken da ofishin Défenseur des droits ya sa aka yi ya tabbatar da abin da kuka daɗe kuna faɗa, cewa ka fi wani shan wuyar samun randebu, alhali ƙin karɓarka saboda katinka laifi ne a doka.

Da can sakatariya ce za ta rubuta maka rana a ɗan kati. Yanzu sai a ce, "Ka ɗauka a manhajar Doctolib." Ga ɗan jami'a wannan sauƙi ne. Ga Hajiyar da wayarta ta WhatsApp ce da saƙon murya, an rufe mata ƙofa ke nan ba tare da an ce mata kada ta zo ba. Saƙon tunatarwa yana zuwa da Faransanci, a lambar da aka yar tun bara, ko a wayar ɗan da ya tafi makaranta. Iyalin da layin 115 na masaukin gaggawa ke sauya wa wurin kwana daga wannan otal zuwa wancan, yau Sarcelles gobe Melun, wasiƙar asibiti ina za ta same su?

Sai harshe. Na ga dattijo yana gyaɗa kai yana "wi, dokta, wi, dokta" har aka gama, muka fito na tambaye shi da Hausa me aka ce, ya ce, "Wallahi ɗana, ban kama ko ɗaya ba." Gyaɗa kan ladabi ne, likita kuwa ya rubuta cewa an yi bayani an fahimta. Wasu kan zo da yaro ɗan shekara goma sha biyu ya yi tafinta. Uba zai faɗi matsalar shimfiɗarsa ta bakin ɗansa? Dokar Janairun 2016 ta amince da aikin tafinta a harkar lafiya, kuma akwai ƙungiyoyin da ke yin sa har ta waya, ISM Interprétariat a Paris da ISM Corum a nan Lyon. Ku nema tun lokacin ɗaukar randebu. Ba roƙo ba ne.

Na shida: tafiya gida da azumi.

Baba ya yi ritaya, yana wata huɗu a Tawa ko Katsina, wata takwas a nan. Ya tafi da kwalin wata ɗaya, sauran ya ce zai saya can. Randebunsa ya faɗo yana gida, ya dawo bai sake ɗauka ba. Abin da ya saya can fa? Wasu masana na Paris tare da likitocin zuciya na Afirka sun tattara magungunan zuciya da na hawan jini daga kantuna da kasuwannin ƙasashe goma, har da Nijar, suka buga sakamakon a 2017 da sunan SEVEN: wajen kashi 16 cikin 100 ba su da inganci, kuma amlodipine na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Alhali in ka gaya wa likita za ka yi tafiya, yana iya rubutawa a takardar, inshora ta amince a ba ka har na wata shida a lokaci guda. Sai dai a fara neman da wuri, ba ana gobe jirgi ba.

Akwai kuma abin da ake yi don tausayi: a raba kwali biyu, rabi a aika wa tsohuwa a gida don ita ma an ce tana da shi. Niyya mai kyau ce, amma an bar mutum biyu da rabin magani, ɗaya ma ba a auna ta ba.

Da azumi kuwa, na lura ɗakin jira yakan yi sauƙi. Wasu na tsoron a ce kada su yi azumi, wasu na ganin ɗibar jini zai karya shi. Hukuncin wannan na malamai ne, ga su nan zaune, ku tambaye su. Nawa shi ne: mafi yawan masu hawan jinin da ya daidaita suna azuminsu lafiya, kuma yawancin ƙwayoyin sau ɗaya ake sha a wuni, ana iya mayar da su sahur ko buɗa-baki. Mai sa fitsari ne ke son a duba lokacinsa, musamman in azumi ya faɗo da zafi. Ku zo a watan Sha'aban mu tsara tare.

Na bakwai: mu likitoci.

Ba zan tsaya a gabanku in wanke kanmu ba. Mutum ya bar aikinsa, ya shiga jirgi biyu, ya jira awa guda, aka ba shi minti goma, likita na kallon kwamfuta. Aka auna aka ga 16/10, aka ce "a rage gishiri, a ci gaba da magani", ba a sauya komai ba, ba a tambaye shi me yake ci ba. Ba wanda ya yi masa maganar dunƙulen Maggi uku a tukunya ɗaya, ko kanwa, ko kilishi, ko ƙwayar ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac da yake sha kullum bayan aiki, ko farasitamol mai narkewa a ruwa da ke ɗauke da gishiri, ko man bilicin mai kotizon da ake sayarwa a ɓoye a Château Rouge, alhali duk suna ɗaga awo. In ya fita ya ce zuwan bai amfane shi da komai ba, ƙarya ya yi?

A Janairun 2023 Majalisar Masana Likitanci ta Faransa da Hukumar Likitoci suka ce ana saɓa randebu wajen miliyan 27 a shekara. A 2024 Firayim Minista Gabriel Attal ya kawo shawarar cin tarar Yuro 5 ga duk wanda bai zo ba kuma bai sanar ba. An sa ta a dokar kasafin inshora, amma a Fabrairun 2025 Kotun Tsarin Mulki ta soke ta, don ba a fayyace iyakokinta ba. Na fahimci fushin abokan aikina. Kujerar da aka bari fayau wani majinyaci ne aka hana. Amma ku dubi mutanen da na lissafa muku tun ɗazu. Wanne ne Yuro 5 za ta dawo da shi? Mai kunya? Wadda katinta ya mutu? Tara za ta ƙara musu dalilin ɓuya ne. Mai hawan jinin da bai zo ba, kiransa ya kamata a yi a waya, a ce, "Lafiya ba mu gan ka ba? Ga wata rana." A inda nake aiki mun ga yadda kira ɗaya, in da hali da harshen mutum, yake dawo da wanda aka fid da rai da shi.

Ku ma akwai naku. In ba za ka samu zuwa ba, ka buga ka soke, ka karɓi wata rana a cikin wannan kiran. Wasu likitoci sukan daina karɓar wanda ya saɓa sau biyu ko uku ba sanarwa, kuma samun wani a yau kun ji yadda yake. Kada ka fita daga ɗakin likita sai da ranar dawowa a rubuce a takarda. In takardar magani ta ƙare kafin ranar, ka je wurin mai kantin maganin da ka saba, doka ta ba shi damar ƙara maka na ɗan lokaci don kada ka yanke. Ka samu na'urar awo ta dantse, ba ta wuyan hannu ba. Kwana uku kafin randebu, ka zauna ka huta minti biyar, ka auna sau uku da safe kafin shan magani, sau uku da dare kafin kwanciya, ka rubuta duka. A gida ana son matsakaicin ya kasance ƙasa da 135/85. Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka zo da shi, har da na gargajiya da wanda aka aiko daga gida. Da wannan takarda da wannan leda, minti goman nan sai ta yi aikin awa guda.

Ga shugabannin ƙungiyoyinmu kuma ina da roƙo. Muna da asusun kai gawa gida, kuma ba a taɓa barin ɗan'uwa a ƙasa ba, Allah ya saka. Ina roƙon a samu matasa biyu ko uku a Paris, biyu ko uku a Lyon, masu Faransanci da iya waya, waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar wa dattawa randebu, da tuna musu ana jibi, da raka wanda ke so, namiji ya raka namiji, mace ta raka mace. Malamai kuma su taya mu faɗa a masallaci cewa neman magani ba ya rage tawakkali.

Abu na ƙarshe, don yana iya faruwa a gidan kowa. In ka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, kada a shafa mai, kada a ba shi ruwa, kada a jira gari ya waye. A kira 15, a kuma duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma motar asibiti ta san inda za ta kai shi, ko Pierre-Wertheimer a Bron, ko Lariboisière da Pitié-Salpêtrière a Paris.

 Mun zo da na'urorin awo, suna bayan zaure, akwai 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya da za ta auna mata. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, da Hausa ko da Faransanci. Wanda kuma tambayarsa ba ta cikin jama'a ba ce, ya rubuta a takarda ba suna a miƙo, ko ya same ni a gefe bayan sallah.